Shekarar Da Yatsuna Suka Daina Jin Aska

Ku da kuke zaune cikin shagon aski, fanka a kanku, kilifar aski a hannu, kuna ce wa wanzanci aikin tsofaffi marasa abin yi, ku matso kusa. Shekaranjiya a bakin tashar Kabo na ji ɗayanku yana cewa in aka ba shi aska da safe, kafin azahar ya iya. Ban tanka masa ba, don a lokacin kan wani bawan Allah ne a hannuna, kuma ba a faɗa da aska a buɗe. Yau ba kowa a gabana, saboda haka zan faɗa.

Sunana Idi. In ka ce Idi kawai a Kabo sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Idi Wanzam ko yaro zai nuna maka zaurena. Gado na yi. Babana wanzami ne, kakana ma haka, kuma gidajen da nake wa aiki a Kabo da Gammo har zuwa Madadi da cikin Gwarzo, yawancinsu a hannun babana na karɓe su.

Aikina na farko a kan duma na yi shi. Baba ya tsinko ɗanyen duma a bayan gida, ya shafa masa sabulu, ya ce in kwashe ɗan gashin nan da ke jikinsa ba tare da na ji masa ciwo ba. Na yi murna, na ce wannan ai wasa ne. Ina gamawa ya ɗauka ya juya shi a rana, sai ga shi duk yana tsattsafo da ruwa ta inda bakin aska ya kama. Ya ce, "Da ɗan mutane ne wannan, da yanzu uwarsa tana kanka da muciya." Damina guda ina aske duma. Bayan nan aka ba ni dutse. Wasa aska kaɗai ya ci mini wajen shekara: yadda za ka kwantar da ita, yawan ruwan da za ka ɗiga, yadda za ka goge ta a jikin fata daga baya, sannan ka gwada a gashin hannunka. In ta ja gashi ba ta yi ba. Ni da ƙanena Sale muka koya tare, muna bin Baba a ƙafa da zabira, wato jakar fatar da ake zuba kayan aiki. Sale bai daɗe ba ya ce shi noma ya fi masa, ya koma gona.

Akwai wani manomi a Madadi da na yi wa ƙaho bayan an gama huɗa, ba na mance shi. Bayansa kamar allo don tauri. Ka jiƙa wurin, ka kafa ƙaho, ka zuƙe iskar da bakinka, ka toshe tsinin da kakin zuma da harshenka, duk a numfashi ɗaya. In fata ta taso ka cire, ka yi tsaga ƙanana a jere, ka mayar. Ina cikin zuƙa mutumin nan ya juyo zai ba ni labarin akuyarsa, ƙahon ya kwance, na kusa haɗiye kakin. Irin mutanen da muke fama da su ke nan. Wani aska tana maƙogwaronsa lokacin ne zai tuna da gardamar siyasa. Wani ya yi barci ya dinga gyangyaɗi. Wani attajiri a kasuwar Gwarzo ya yi atishawa ba sanarwa, Allah ne ya tsare kunnensa. Da ma'aikatan lafiya suka tara mu suka ce kowane mutum da rezarsa sabuwa, a kuma riƙa tafasa ƙaho, na yi mita kamar kowa, amma na bi, kuma gaskiyarsu ce.

Haka na yi shekara arba'in da wani abu, kafin shekarar da nake so in ba ku labari.

Bayan kaka abin ya fara. Kaluluwa ta fito mini a wuya, gefen dama, ba zafi ba raɗaɗi. Kaluluwa kuwa ai ta kwana kaɗan ce, ta zo ta wuce. Wannan ta zauna, ta kira 'yar'uwarta a hammata. Sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, sai gumi har in tashi da safe rigata a jiƙe, sai wando ya fara zamewa daga ƙugu. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro, na sha na taifot, na sha jiƙe-jiƙe. Sale ya zo ya taɓa wuyan ya ce, "Yaya, kawo in yi maka sakiya, ruwa ne ya taru." Na ce masa, "Taɓa da kyau. Ka ji ruwa a nan? Wannan kamar roba take." Mai ɗakina Hansai ce ta gaji da mu. Ta ce, "Malam, ko ka tafi asibiti da ƙafarka, ko in kira 'ya'yanka su ɗauke ka kamar buhu." Na tafi asibiti a Gwarzo, suka duba, suka tura ni babban asibiti a Kano.

A can suka yanki ɗan nama a wuyan suka ce in jira sakamako. Jiran nan ya fi yankan ciwo. Da ya fito, wata likita, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, ta zaunar da ni da Hansai. Ta ce, "Baba, abin da ke jikinka wani nau'i ne na kansar jini, irin wanda yake kama kaluluwa. Ana maganinsa, kuma mutane da yawa suna samun sauƙi, amma maganin yana da wahala."

Na ce, "Jini? To ai sai in sa ƙanena ya kafa mini ƙaho a fitar da mataccen."

Ta ajiye biro ta dube ni. "Baba, sana'arka ke nan?"

"Ita na gada."

"To ka saurare ni. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya. Kada ka yanke, don jinin zai iya ƙin tsayawa. Kada ka taɓa jinin kowa. Ka rage shiga taro, domin maganin zai sa garkuwar jikinka ta yi ƙasa, ko mura ce sai ta kwantar da kai."

Na ce, "Likita, kin lissafa aikina kaf, kin ce in bari."

Ta ce, "Na ɗan lokaci ne, Baba."

Kuskuren da aka samu daga kalma ɗaya ne. Da na dawo, mutane suka taru a zaure yin sannu, wani ya tambayi me likita ta ce, na maimaita masa yadda na ji, har da zancen garkuwar jiki. Kafin sati ya zagayo, labari ya kai Gwarzo cewa Idi Wanzam ya kamu da ƙanjamau, kuma a aska ya ɗauka, kuma duk wanda ya taɓa aske wa sai ya je a gwada shi. Wani mutum da na yi wa kaciya da hannuna, na yi wa 'ya'yansa, ya hango ni a bakin masallaci ya sa hannu a aljihu. Na ce masa, "Malam, kansa ce, ba a ɗauka." Ya ce, "Allah ya sawwaƙe," yana ja da baya kamar ya ga kunama. Ko da ma waccan cutar ce, ai ba a musabaha ake ɗaukarta ba, amma wa zai tsaya ya ji?

Dole Sale ya ajiye fartanya ya ɗauki zabira, don kada gidajen gado su watse. Ya dawo ran farko ransa a ɓace. Ya ce a wani gida sun ce shi sun yarda da shi, amma zabirar ta tsaya a waje. Ya sayi sabbin asake, ya ɗinka sabuwar jaka, duk da haka wasu gidajen suka koma wa wani wanzami daga Gwarzo. Har yau ba su dawo ba, ni ma ban bi su ba.

Maganin kuwa, kimo suke ce masa, ta jijiya ake sa shi. Ka tashi da asuba ka kama motar Kano, a ɗebi jininka, ka zauna a benci har a ce ya isa a yi maka, sannan a rataya leda. Akwai wani ja a ciki kamar zoɓo, har fitsari sai ya rina. A hanyar dawowa nake gane kowane rami da ke titin nan, don kowanne sai cikina ya amsa. Kwanakin da ke biye, amai, baki duk gyambo, tuwo a harshe kamar kana lasar ƙarfe. Hansai ta koma dama mini kunu mai ruwa-ruwa tana tsaye a kaina kamar ɗan sanda har sai na shanye. Daidai lokacin da ka fara jin kai mutum ne, lokacin komawa ya yi. Abin da aka sayar a gidan nan don a yi wannan zirga-zirga ba zan lissafa muku ba.

Wata safiya ina alwala na shafa gemu, sai ga shi a tafin hannuna. Kafin kwana kaɗan kai ya zube, gira ta bi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana raba mutane da gashi, ga nasa ya tafi ba wanda ya jiƙa shi. Sale ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan wanzamin ya fi mu iya aiki." Na jefe shi da buta.

Masu magani kuma ba su bar ni na huta ba. Kowa ya shigo da ƙullinsa. Wannan ya ce saiwar kaza, wancan ya ce ganyen kaza da zuma, wani ya ce sammu ne abokan sana'a suka yi mini. Wani tsohon abokina ya zauna ya rantse mini cewa ruwan asibitin nan shi ke kashe mutane, in daina zuwa, ai ga shi na koma kamar kara. Ranar na kusa yarda da shi, don ko tashi zaune ba na iyawa. Hansai ta ɗaga labule ta ce, "Malam, an gode da ziyara, mara lafiya zai kwanta." Ta tattara ƙulle-ƙullen ta zuba a wani tsohon kwando. Addu'a dai ta ce kowa ya kawo, ba ta mayar da ita.

A tsakiyar maganin jinina ya yi ƙasa sosai, suka ce ba za a sa kimo ba sai an yi mini ƙarin jini, kuma mu kawo masu bayarwa. 'Ya'yana biyu suka bayar, bai isa ba. A nan ne Malam Buba na Gammo ya shigo labarin. Dattijo ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, har yanzu yana da 'yan shanunsa a bayan gida. Ba mai yawan magana ba ne, kuma duk surutun da ake yi bai taɓa hana Sale shiga gidansa da tsohuwar zabira ba. Da ya ji, sai ga shi a asibiti da samarin 'ya'yansa uku, kowanne da sandarsa kamar za su kiwo. Ya ce da ma'aikacin, "Ga su nan, ɗebi na wanda ya dace." Na fara yi masa godiya ya ce, "Idi, bar wannan. Ka dai tashi, matar Umaru tana da ciki, kai za ka yi askin suna." Umaru shi ne babban ɗansa, kuma yana cikin waɗanda aka ɗebi jininsu.

Na gama kimo ana shirin shuka. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ta ce ba su ga komai ba. Na ce, "Wato na warke?" Ta ce, "Baba, mu dai ba mu ga komai ba, kuma abin da muke so ke nan. Za ka riƙa dawowa muna dubawa." Har yau ina komawa, kuma har yau amsar ke nan. Mutanen gari su kuma da suka ga gemu ya fito, sai suka ce shi ke nan, Idi ya miƙe, me ya sa ba ya zuwa Madadi a ƙafa kamar da? Ba su san in na yi aski uku a jere sai na jingina da bango ba. Ba su san ko tari na yi sai Hansai ta zo tana lalube mini wuya ba.

Babban abin da maganin ya bari a yatsu ya bar shi. Tun ana cikin yi na ji kan yatsuna suna dindiris kamar na kwanta a kansu. Na faɗa wa likita, ta rage wani daga cikin magungunan, ta ce wani yakan dawo daidai, wani ba ya dawowa duka. Nawa bai dawo duka ba. Maɓallin riga sai na duba da ido. To ku da kuke ganin aski hannun dama ne, ku sani hagu ce take gaba. Yatsun hagu su ke tafiya kafin aska, su ja fata, su ji ƙurji, su ji tabo, su ji inda ƙeya ta naɗe, su gaya wa dama ta rage nauyi. Da aka ba ni izinin komawa aiki, na fara da tsofaffin da suka yarda, ina yi a hankali, da ido da kunne, don aska mai tafiya daidai tana da irin ƙararta. Kan babba yana da haƙuri, na iya da shi. Ƙaho da kaciya kuwa na bar wa Sale.

Sai matar Umaru ta haihu, namiji. Ranar suna Sale ya ɗauke ni a babur muka tafi Gammo da sassafe. An raɗa suna, an yanka rago, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Wata tsohuwa ta fito da jaririn a cikin zani ta zauna a gabana. Malam Buba yana tsaye da 'ya'yansa, mata suna leƙe ta bayan danga. Na wanke hannu, na sa sabuwar reza, na jiƙa kan da ruwan ɗumi.

Kan jariri yana da maɗiga, wurin nan mai taushi a tsakiya inda ƙashi bai haɗe ba. Wanzami yakan ɗora yatsa ya ji tana bugawa, ya san iyakarta ta kowane gefe, sannan ya san yadda zai bi ta kanta da aska kamar ba ya taɓawa. Na ɗora yatsa. Ina ganin wurin yana motsi da idona, amma a yatsana ba komai, kamar na taɓa ta cikin bargo. Na canza yatsa. Haka. Ban san ko dannawa nake yi ko shafawa ba.

Na ɗago na ce, "Sale, zo ka karɓa."

Malam Buba ya ce, "A'a, Idi. Kai na ce."

"Na sani, Malam. Ba na jin kan."

"Hannunka ba ya rawa, ina gani."

"Ba ya rawa, amma ba ya ji. Jinin uban yaron nan yana jikina. Ba zan gwada sa'a a kan ɗansa ba."

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi Malam Buba. Shi kuma ya ce, "To ka riƙe masa kan. Kada ka tashi daga wurin."

Na tallafi ƙeyar yaron da tafin hannu biyu, don tafin yana ji. Sale ya durƙusa, gumi yana bin hancinsa. Na ce, "Fara daga goshi. Kwantar da ita. Kwantar, na ce, ba huɗa kake yi ba. Ja fatar da babban yatsa. Tsaya, yana shirin motsi." Yaron ya yi miƙa ya koma barci. "Yanzu. Ka ji maɗigar?" Ya ce ya ji. "To kada ka danna, bar nauyin askar kaɗai ya yi aiki." Haka muka bi kan nan har ƙeya, ba ɗigon jini ko ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka kawo kason wanzami na naman suna, Malam Buba ya karɓa da hannunsa ya ajiye a tsakaninmu, ya ce mu san yadda za mu yi da shi.

A hanyar komawa Kabo, mun wuce gonakin dawa, Sale ya tsayar da babur a gindin wata ɗorawa ya kashe. Ya ce, "Yaya, da ka ce in karɓa, sai da tsoro ya kama ni."

Na ce, "Na gani. Shi ya sa ka bar gashi a bayan kunnen hagu."

"Ban bari ba!"

"Ka bari. Sili huɗu ko biyar. Tsohuwar ma ta gani, kunya ce ta hana ta magana."

"Mutum ya yi aiki irin wannan, abin da za ka ce masa ke nan?"

"To me kake so in ce? Tayar da babur, rana tana yi."

Muka yi ta musu har ƙofar gida, Hansai ta fito ta karɓi naman ta ce mu ƙarasa a waje.

Tun daga ranar haka muke zuwa kowane suna, shi da aska, ni da kan jaririn. Ya fi da, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Amma mutumin da ya fara koyo tun muna yara, ga furfura a gemunsa, har yanzu yakan bar gashi a bayan kunnen hagu, kuma har yanzu sai na faɗa masa a gaban mutane. Sannan wani ya zauna a ƙarƙashin fanka ya ce kafin azahar ya iya.